Garwa: Kasuwar da Kogi Ya Haifa

Tarihin tsakiyar birnin Garwa tarihin kogin Binuwai ne. A farkon ƙarni na 19, lokacin da Fulani suka kafa masarautun Fombina, Rai Buba ta fi Garwa girma da ƙarfin yaƙi nesa ba kusa ba. Buba Njidda ya kafa ta wajen 1804, fadarta mai dogayen garuka kuwa tana nan har yau. Garwa ƙaramin gari ce a lokacin, amma tana bakin ruwa, kuma wannan ne ya ɗaga ta.

Fatake Hausawa da Barebari sun riƙa sauka a nan da kanwa da tufafi da goro. Sawunsu bai ɓace ba, domin sunayen unguwannin da ke kusa da fadar Lamiɗo suna faɗin asalin mazaunansu: Fulɓere ta Fulani, Hausare ta Hausawa, Kolere ta Barebari. Jamusawa sun kama garin a 1901, sojojin Ingila da Faransa suka ƙwace shi a watan Yunin 1915. A zamanin Faransa tashar jiragen ruwa ta zama zuciyar ciniki. Da damina, idan kogi ya cika, jirage kan hauro daga Nijeriya ta Yola da gishiri da siminti da man fetur, su koma da gyaɗa da auduga.

Abubuwa uku suka raunana tashar. Yaƙin basasar Nijeriya daga 1967 zuwa 1970 ya toshe hanyar ruwa. Jirgin ƙasa ya iso Ngaundare a 1974, kaya suka koma kan manyan motoci. Madatsar ruwa ta Lagdo, wadda aka kammala a 1982, ta sauya yadda kogin ke cika.

Duk da haka kasuwa ba ta mutu ba. Ahmadu Ahijo, shugaban Kamaru na farko, haifaffen Garwa ne, kuma a mulkinsa birnin ya sami tituna da filin jirgin sama da filin wasa na Rumde Ajiya. Kamfanin auduga na SODECOTON ya kafa hedkwatarsa a nan a 1974. Audugar da manoman ƙasar Rai Buba ke nomawa a yau, daga ofisoshin Garwa ake tafiyar da cinikinta.