Daga Zambo Zuwa Habaici: Jirgin Ƙasa a Zanen Barkwanci

Manazarta adabin Hausa sun daɗe da bambanta zambo da habaici. Mai zambo kan kama suna, ko ya siffanta mutum yadda ba zai ɓoyu ba. Mai habaici kuwa sakaya zance yake yi, ya bar mai kaza a aljihu da tsarguwa. Wannan maƙala na ganin ma'aunin ya dace da zanen barkwancin da aka yi wa jirgin ƙasa a Faransa cikin ƙarni na 19.

A shekarar 1831, mai zane Honoré Daumier ya fito da Sarki Louis-Philippe a siffar ƙaton mahaɗami mai lanƙwame dukiyar talakawa. Wannan zambo ne tsagwaronsa, ya kuma jawo masa ɗaurin wata shida a 1832. Da dokokin Satumba na 1835 suka hana buga kowane zane sai da izinin hukuma, sai ya karkata ga rayuwar yau da kullum. A 1843, wato shekarar da dogo ya haɗa Faris da biranen Orléans da Rouen, jaridar Le Charivari ta fara buga jerin zane-zanensa mai suna Les Chemins de Fer.

A nan ne habaicin yake. Ga fasinjojin aji na uku a cunkushe cikin tarago marar rufi, ruwa na dukansu, fuskoki a yamutse, alhali rubutun ƙarƙashin zanen na kiran tafiyar ta shaƙatawa. Gatse ke nan. Ba a ambaci sarki ko minista ba, amma mai kallo ya san akwai waɗanda suka yanke cewa talaka bai cancanci rufi ba. Wanda ya ɗauki zanen a matsayin tsoron sabon abu kawai, a ganinmu, bai karanta shi ba. A Ingila ma sai da majalisa ta yi doka a 1844 kafin a tilasta wa kamfanoni rufa taragon masu ƙaramin kuɗi, a kan kwabo ɗaya kowace mil.

Tambayar da zanen ke yi, wato don wa aka shimfiɗa dogon, ba baƙuwa ba ce ga mai nazarin tarihin Jos. Siririn layin da ya taso daga Zariya ya iso Jos da Bukuru a 1914, faɗinsa ƙafa biyu da inci shida, an yi shi ne domin kuza. Ko sunan da Turawa suka ba shi, Bauchi Light Railway, abin lura ne, don kuwa bai taɓa taka garin Bauchi ba. Babban layi daga Kafanchan ya iso a 1927, aka kuma rufe ƙaramin a 1957.