Jinjirin Wata a Dinder da Madubin Lunokhod

Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka nausa gabas, har suka yada zango a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar ta Sudan, a garin da ke ɗauke da sunansa har yau. Ayarin mahajjata ya yi ta biyo sahunsu, wasu suka kafa ƙauyuka a Jazira da gefen kogin Dinder. Da wata suke lissafin azumi da salla da lokacin aikin hajji. Ran 29 ga wata, da an sallame magariba sai a fita fili a zuba wa yamma ido. Wanda ya hango jinjirin, siriri kamar yankan farce, sai ya kai shaida gaban malamai, sannan a ce wata ya tsaya. Hazo kan hana, gardama kuwa ba ta ƙarewa: na yau ne ko na jiya?

Suna wannan duba, wasu can suna shirin aika wa watan ɗan aike. Ran 17 ga Nuwamba 1970 kumbon Luna 17 na Tarayyar Sobiyet ya sauke Lunokhod 1 a kan wata. Wani keke ne mai ƙafa takwas, siffarsa kamar baho da murfi, babu kowa a ciki, daga Kirimiya ake tuƙa shi. An ɗora masa kyamarori, da na'urar gane sinadaran ƙasa, da wani tsinke mai caka ƙasar don a san taurinta. Da rana yakan buɗe murfin ya sha hasken rana, in daren wata mai tsawon mako biyu ya shigo ya rufe, dumin poloniyam ya hana sanyi kashe shi. Ya yi tafiyar kilomita 10 da 'yan kai kafin ya yi shiru a Satumba 1971.

Abin da ya fi daɗewa da amfani a jikinsa shi ne wanda ba ya cin wuta: wani madubi ƙirar Faransa. Ana harba masa hasken leza daga duniya, ya dawo cikin daƙiƙa biyu da rabi, a auna nisa. Da irin waɗannan madubai, har da na 'yan sama jannatin Apollo, aka gano wata na ja da baya santimita 3.8 duk shekara, aka kuma ƙara daidaita jadawalin tafiyarsa, wanda masu hisabi ke dubawa su faɗi sa'ar haihuwarsa. A Sudan dai Majalisar Fiƙihu ce ke sanar da tsayuwar wata, labarin ya iso Dinder ta rediyo da waya.

Keken kansa ya yi ɓatan dabo kusan shekara 40. Sai a 2010 kumbon Amurka mai suna LRO ya ɗauko hotonsa, masana a cibiyar duba taurari ta Apache Point suka saita leza wurin, madubin ya amsa, da haske ma fiye da na ƙaninsa Lunokhod 2.