Hantsakin riƙe hanji da tukunyar da ta haife shi

A watan Agustan 2023, kwanaki kaɗan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar. Layin da ke tasowa daga Katsina ya bi ta Gazawa ya ba Maraɗi da Damagaram wuta ya mutu, iyakar Ɗan Barto ta rufe, Matameye da ke bakin hanyar Daura da Kano ta samu kanta babu wuta babu hanya. Ƙungiyar CEDEAO, wadda takunkuminta ya jawo haka, ta ɗage shi a Fabrairun 2024, amma watannin nan sun kawo mana har ƙofar gida wata gardama da likitocin tiyata na duniya suka daɗe suna yi. Wasu na cewa asibitin da wutarsa ba ta tsayawa gara a ba shi kayan aiki na yi-amfani-ka-yar, waɗanda ke zuwa a tsabtace cikin leda. Wasu na cewa a riƙe na ƙarfe, a wanke, a dafa, a sake amfani da su. Ni ina tare da na biyu, kuma tarihin wani ɗan hantsaki guda ne ya kai ni can.

Hantsakin da nake nufi shi ne wanda likita ke kama hanji da shi idan ya buɗe ciki. Tsawonsa bai fi santimita 16 zuwa 20 ba, yana da zobba biyu na sa yatsu irin na almakashi, da ƴan haƙora a gindi da ke kulle shi idan an matse. A ƙasarmu aikinsa ba ƙarami ba ne. Zazzaɓin taifod, idan ya kai mako na biyu ko na uku ba a yi maganinsa ba, yakan huda ƙarshen ƙaramin hanji, kashi ya zuba cikin ciki. Likitocin babban asibitin Damagaram da na asibitin Galmi sun yi rubuce-rubuce a kan wannan cuta saboda yawan yaran da take kai musu. Mai ɗinke irin wannan huji dole ya ɗaga hanji kumburarre, mai laushi, mai santsi, ya riƙe shi ba tare da ya sake huda shi ba.

Farkon labarin a duhu yake, kuma ba zan daɗe a cikinsa ba. Duk inda maƙeri ya ƙera awartaki, an samu wanda ya ƙanƙanta shi don cire ƙaya ko kan kibiya, kuma wanzamanmu na da nasu hantsaki da matsefata tun kafin zuwan Nasara. Littafin Sushruta na Indiya ya lissafa hantsakai masu siffar bakin zaki da na tsuntsaye. An tono wasu na tagulla a Pompeii, garin Italiya da aman wutar dutse ya binne a shekara ta 79. Wanda ya fi kusa da mu shi ne Abul Ƙasim Az-Zahrawi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu wajen 1013. Juzu'i na 30 na littafinsa At-Tasrif ya zana kayan tiyata kusan 200, ya kuma yi bayanin ɗinke hanjin da aka soka da zaren da aka murza daga hanjin dabba. Wasu ƴan'uwa kan tsaya nan su ce ai Musulmi ne suka gama komai. Ina girmama Az-Zahrawi ƙwarai, amma shi hanjin da wuƙa ta riga ta fito da shi waje yake ɗinkewa. Likita ya buɗe cikin mai rai da gangan ya gyara hanji ya rufe, kuma yawancin marasa lafiya su tashi, wannan sai bayan shekara 800 da ɗoriya.

A ƙarni na 19 ne abubuwa suka taru. A 1826 Antoine Lembert na Faransa ya nuna cewa hanji ba ya haɗewa sai an lanƙwasa bakinsa ciki, fatar waje ta taɓa fatar waje. Ranar 16 ga Oktoba 1846 aka yi tiyata da maganin sa barci a bainar likitoci a Boston. A 1867 Joseph Lister ya buga sakamakon wanke rauni da sinadarin kabolik. Hantsaki mai kulle kansa ya fito a wannan tsakani don tsayar da jini, har Jules Péan na Paris da Eugène Koeberlé na Strasbourg suka yi ta jayayya kan wanda ya riga wani, Spencer Wells kuma ya fitar da nasa a Ingila. Ranar 29 ga Janairu 1881 Theodor Billroth ya yanke wani sashe na tumbin wata mata mai ciwon daji a Vienna, ya haɗa sauran da hanji, ta tashi daga aikin.

Masu ba da wannan tarihi sun rabu. Kashi na farko na jingina komai ga basirar manyan likitoci, tunda sunayensu ne a kan kayan. Kashi na biyu na cewa maganin sa barci ne mabuɗi, domin shi ya ba likita lokacin yin aiki a natse. Kashi na uku na cewa sai da aka samu ƙarfen da ba ya tsatsa. Kowannensu na da ƙamshin gaskiya, amma a ganina duka sun tsallake abin da ya fi su nauyi, wato tukunyar tururi.

A dubi shekarun. Daga 1846 zuwa wajen 1880 akwai maganin barci, akwai haziƙan likitoci, amma buɗe ciki ya ci gaba da zama kasada, domin mutum kan tsira daga wuƙa ya mutu da ruɓar ciki bayan kwana uku. Kayan aikin wancan zamani kuwa ƙirar sarauta aka yi musu: mariƙin hauren giwa ko na kanya, da zane-zane, a akwati mai shimfiɗar karan-miski. A 1879 Charles Chamberland, abokin aikin Louis Pasteur, ya ƙera tukunyar da ke dafa kaya da tururi mai matsi. A 1886 Ernst von Bergmann ya shigar da dafa kayan tiyata da tururi asibitinsa na Berlin, almajirinsa Curt Schimmelbusch ya tsara gwangwanin da ake jera kayan a ciki. Hauren giwa da itace ba sa jure wannan zafi, suna tsagewa, mannin da ya riƙe su ya saki. Cikin shekara goma aka sake ƙera kusan dukkan kayan tiyata: ƙarfe zalla daga baki har gindi, babu ado, babu lungun da jini zai maƙale, mahaɗi mai buɗuwa don buroshi ya shiga. John Kirkup, likitan Ingila da ya rubuta tarihin kayan tiyata, ya ba wannan sauyi muhimmanci sosai. Siffar hantsakin da ke hannun likita yau tukunya ce ta tsara ta, kuma sai da tukunya ta sa buɗe ciki ya zama aikin yau da kullum aka ga buƙatar hantsaki na musamman don hanji.

Hujjar masu cewa ƙarfen da ba ya tsatsa ne asali ta fi sauƙin warwarewa. Harry Brearley ya narka nasa a Sheffield a 1913, kamfanin Krupp na Jamus ya yi rajistar wani nau'i a 1912, kuma bai bazu a ɗakunan tiyata ba sai daga shekarun 1920. Kafin nan an shekara 30 ana dafa kayan baƙin ƙarfe da aka shafe da nikel. Sabon ƙarfen ya ƙara wa hantsaki tsawon rai ne kawai.

Sunaye biyu da aka fi ji a ɗakin tiyata duk daga birnin Philadelphia na Amurka suka fito. Oscar Allis (1836 zuwa 1921) ya ƙera hantsaki mai ƴan gajerun haƙora a jere a baki, huɗu na shiga tsakanin biyar ko biyar tsakanin shida, don riƙe bakin hanji lokacin ɗinki. Riƙonsa ba ya suɓucewa, amma yana barin tabo, shi ya sa yau aka fi sa shi a kan nama mai tauri ko wanda za a yanke a jefar. William Wayne Babcock (1872 zuwa 1963), wanda ya shugabanci sashen tiyata na Jami'ar Temple daga 1903 har shekara 40, shi ya cire haƙoran, ya lanƙwasa bakin ya yi masa taga, yadda hantsakin zai zagaye hanji ko afendis ko bututun mahaifa ya riƙe shi kamar yadda ake riƙon ɗan tsako, ba a matse ba, ba a saki ba. Faransawa na da nasu: na Pierre Duval mai baki kusurwa uku, da dogon matsi mai laushi na Eugène Doyen da ke tare abin da ke cikin hanji kada ya kwararo. Tunda da Faransanci ake koyar da likitocinmu, waɗannan sunaye huɗu suna kwana a akwati ɗaya a Nijar. Abin da ke burge ni shi ne shekara kusan 100 ba a sami abin gyarawa a hantsakin Babcock ba. Ko da aka fara tiyata ta ƙaramin huji da kyamara, bayan aikin Erich Mühe a Jamus a 1985 da na Philippe Mouret a Lyon a 1987, bakin Babcock ɗin nan aka ɗauka aka ɗora a kan doguwar sanda.

Su wa ke ƙerawa? Garuruwa biyu ne suka yi fice. Tuttlingen ta Jamus, inda Gottfried Jetter ya buɗe maƙerarsa a 1867, wadda ta zama kamfanin Aesculap, da Sialkot ta Pakistan, inda maƙeran gari suka fara da gyara wa asibitin mishan kayansa kafin su koma ƙerawa. Yau kaso mai yawa na kayan tiyatar duniya daga Sialkot yake fitowa, nagari da na banza, har da waɗanda ake kai wa Turai a buga musu wani tambari. Ina yawan tunanin cewa maƙera ne irin namu suka kafa wannan sana'a.

Zuwansa ƙasarmu ya yi jinkiri. Faransawa sun kama Damagaram a 1899, ta zama babban birnin mulkinsu har 1926, amma likitocinsu na soja ne, tiyata kuwa ta bariki ce da manyan birane. Makarantar likitoci ta Dakar da aka buɗe a 1918 ta fara yaye ƴan Afirka, duk da haka har bayan ƴancin kai a 1960 mutumin Kance ko Matameye da hanjinsa ya huje sai an ɗauke shi zuwa Damagaram, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba amma ta ci rayuka. Sauyi na gaske ya zo wajen 2005, lokacin da aka mayar da tiyatar haihuwa kyauta, aka kuma fara horar da likitocin gama-gari na shekara guda don su yi tiyatar gaggawa a asibitocin gunduma. Farfesa Rachid Sani da abokan aikinsa sun buga sakamakon shirin a 2009. Bayan shekara shida wani kwamitin mujallar Lancet ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 5 a duniya ba sa samun tiyata mai inganci da za su iya biya, ya kuma ce ma'aunin asibitin gunduma shi ne iya ayyuka uku: buɗe ciki, tiyatar haihuwa, da gyaran karayar da ƙashi ya fito. A biyu daga ciki ana amfani da irin wannan hantsaki.

Masu son na yi-amfani-ka-yar ba shirme suke faɗa ba. Kayan da ba a dafa da kyau ba na ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau daga wani zuwa wani. Sai dai a tuna abin da ya faru a Ingila a 2001: tsoron cutar haukan shanu ya sa aka wajabta kayan amfani sau ɗaya wajen cire ƙululun maƙogwaro, kafin shekarar ta ƙare aka janye umarnin saboda zubar jini ta ƙaru. Mu kuma da ba mu da tashar jirgin ruwa, kowane kwali sai ya ratso ƙasar wani. Ranar da iyaka ta rufe, asibitin da ya dogara da leda ya tsaya cik idan kwalinsa ya ƙare, ga kuma sharar da ba mu da murhun ƙona ta. Hantsakin ƙarfe nagari yana shekaru yana aiki. Da tsohuwar zuma ake magani.

Amma idan tukunya ce ta haifi hantsakin, to raba shi da ita kashe shi ne, kuma nan ne muke sakaci. Tururi sai ya kai digiri 121 ko 134 na lokacin da aka ƙayyade. Murhun busasshen zafi na Poupinel, wanda ya cika asibitocin ƙasashe masu Faransanci, yana son digiri 170 na awa guda cur, idan wuta ta ɗauke a tsakiya sai an faro daga farko. Ruwan rijiya mai kanwa na barin farin datti a mahaɗi. Tsohuwar al'adar jiƙa kaya a ruwan jabel kafin wanki tana cin ƙarfen har ya yi ƙananan ramuka da ƙwayoyin cuta ke ɓuya, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta daina ba da shawarar yin haka a jagoranta na 2016. Babcock ɗin da bakinsa ya goce ko makullinsa ya saki yana iya yaga hanjin da aka zo ɗinkewa. Mai wanke kayan nan, wanda sau da yawa shi ne mafi ƙarancin albashi da horo a ɗakin, rayuwar mara lafiya na hannunsa daidai da yadda take hannun likita.

Don haka ina kira ga ƴan Matameye da Kance mazauna Yamai da Kano da ƙasashen waje masu tara kuɗi don asibitin gida, da hukumomin gari, da ma'aikatar lafiya: duk wanda zai sayi akwatin hantsakai ya fara tambayar tukunyar da za ta dafa su. A sa kuɗi a tukunyar tururi mai aiki da gas ko hasken rana, da matatar ruwa, da horar da masu wanki, da mai gyara da zai riƙa zagayawa asibitocin gundumomin jihar Damagaram yana duba bakin kowane hantsaki da makullinsa.