Hatsin Adar yana ɗauke da tarihinsa a cikin ƙwayarsa

Idan ka tambayi ɗan lakwal a Barmu ko a Tawa yaushe tarihin ƙasarmu ya fara, sau da yawa zai kai ka zamanin sarakunan Adar ko zuwan Nasara, ya tsaya nan. Ban ga laifinsa ba, abin da muka ba shi ke nan. Amma akwai wani mai ba da shaida da ya girme su duka, kuma kullum yana cikin ƙwaryar furarmu. Hatsi nake nufi. Shekarun baya-bayan nan masana sun koyi karanta tarihin da ke cikin ƙwayarsa, kuma ina ganin ya kamata malamai da iyaye su san abin da aka karanto.

Kowane abu mai rai yana ɗauke da ƙwayoyin gado, waɗanda masana ke kira DNA. Rubutu ne mai haruffa huɗu kacal, ana kwafarsa daga iyaye zuwa ƴaƴa. Wanda ya san yadda ake kwafar littafi da hannu a tsangaya zai gane sauran. Mai kwafa yakan yi ɗan tuntuɓen alƙalami, duk wanda ya kwafa daga nasa kuma sai ya gaji tuntuɓen, ya ƙara nasa. Idan aka tara kwafi ɗari aka duba waɗanda suka yi tarayya a tuntuɓe iri ɗaya, za a san wanne ya fito daga wanne. Da yake canje-canjen suna taruwa a hankali tsara bayan tsara, yawansu yana nuna tsawon lokacin da dangi biyu suka yi da rabuwa.

Hatsi ciyawar daji ne tun asali, kuma danginsa na daji suna nan har yau a bakin hamada. Zangarniyarsu ƙarama ce, ƙwayar tana kakkaɓewa ƙasa da zarar ta nuna. Mutanen da ke tsinkar ciyawar sun riƙa samun ƙwaya mafi yawa daga tsiron da bai zubar da nasa ba. Da suka fara shuka abin da suka tsinko, wannan hali ya yi ta yawaita, har aka samu zangarniyar da ke jiran mai girbi.

A ina aka yi wannan aiki? Masu tonon kayan tarihi sun samo alamar hatsin gida a jikin fasassun tukwane a kwarin Tilemsi da ke arewacin Mali, masu shekara wajen 4,500. Maginan lokacin suna cuɗa yumɓu da ƙaiƙayi, ƙaiƙayin ya ƙone a wuta, siffarsa ta zauna. A shekarar 2017 wata tawagar masana, da cibiyar ICRISAT a gaba, ta fitar da cikakken rubutun gadon hatsi, mai ƙwayoyin gado sama da 38,000. A 2018 kuma masu bincike na cibiyar IRD ta Faransa da abokan aikinsu na Afirka suka kwatanta iri 221, na gida da na daji. Sun sa kwamfuta ta gwada wurare daban-daban, don a ga daga ina yaɗuwa za ta fara ta haifar da bambancin da ake gani yau. Amsar ta faɗa yammacin Sahara, wajen arewacin Mali da iyakar Muritaniya, kuma lissafin ya nuna yaɗuwar ta soma kimanin shekara 4,900 da suka wuce. Shaidar tukunya da shaidar ƙwayar gado, kowace ta bi hanyarta, suka haɗu a yanki guda.

Wurin da ake magana yau yashi ne, amma a da ba haka yake ba. Sahara ta taɓa zama mai tafkuna da ciyayi. A nan Nijar, maƙabartar Gobero da ke Tenere ta nuna mutanen da suka zauna bakin tafki suna kamun kifi, raƙuman dawa da aka sassaƙa a dutsen Dabus kuma suna nan a arewacin Agadas. Da ruwa ya fara ja da baya wajen shekara 5,000 da suka wuce, mutane suka gangaro kudu da dabbobinsu da irin shukarsu. Hatsi bai tsaya a Afirka ba. Ya isa Indiya fiye da shekara 3,500 da suka wuce, yau kuma Indiya ce ta fi kowace ƙasa noma shi. Manomin Rajastan yana cin gajiyar zaɓen irin da mutanen Sahara suka yi.

Binciken 2018 ya nuna wani abu da manomin Adar ya sani da ido. A kan hanyarsa hatsin gida ya riƙa gauraya da na daji, domin iska ce ke ɗaukar garin furensa daga wannan zangarniya zuwa waccan. Shibrar da muke gani a gona, wadda ke riga hatsi nuna ta zubar da ƙwaya, alamar wannan gaurayar ce. Tana rage amfanin gona, shi ya sa ake tuge ta. Amma cikin dubban shekaru gaurayar ta ƙara wa hatsi yawan bambanci, kuma da bambanci iri yake jure sabon wuri.

Tarihin bai ƙare a zamanin da ba. A 1976, jim kaɗan bayan babban farin 1973, masu bincike sun tattara irin hatsi a ƙauyukan Nijar suka adana. A 2003 aka koma ƙauyuka 79 daga cikinsu aka sake karɓar iri, aka shuka tsoho da sabo gefe da gefe a gonar gwaji. Sakamakon da aka buga a 2011 ya nuna irin 2003 ya fi saurin fitar da kai, kuma nau'in ƙwayar gadon da ke gaggauta fure ya ƙara yawa a cikinsa. Manoma ba su watsar da irinsu na gado ba. Damina ce ta gajarce, suka ci gaba da ware zangarniyar da ta cika, iri ya bi damina cikin shekara 27.

A nan maganar ta shafe mu. Barmu tana kusa da iyakar noman damina, inda ƴan kwanaki tsakanin fitar kai da ɗaukewar ruwa ke raba rumbu cikakke da rumbu wofi. Ba na ƙin ingantaccen iri kamar HKP na cibiyar INRAN, yana da amfaninsa. Abin da nake tsoro shi ne shekarar yunwa, lokacin da gida ke cinye irin shukarsa, damina ta zo a sayo kowane hatsi a kasuwa ba a san daga ina ya fito ba. Duk irin gadon da ya ɓace haka ya tafi da zaɓen kakanni da yawa, kuma babu mai sayar da shi.

Ga ƴan uwana malamai, darasin nan ba ya bukatar ɗakin gwaji. Bayan girbi ku sa kowane yaro ya zo da zangarniya guda daga gonar gidansu, a haɗa da shibra guda. A auna tsawo, a duba launin ƙwaya, a rubuta sunan da tsofaffi ke kiran kowane iri da kwana nawa yake yi kafin girbi. A buɗe taswira a nuna Tilemsi, a ja layi zuwa Adar, a ja wani zuwa Indiya. Iyaye kuma, ranar da kuke ware damin iri, ku kira yaran su tsaya kusa, ku gaya masu dalilin da ya sa kuka ɗauki wannan zangarniya kuka bar waccan. Aikin da aka fara a Sahara kusan shekara 5,000 da suka wuce ke nan, kuma yaron da bai ga an yi ba ba zai iya yi ba.