Amanar Ɗalibi Baƙo a Ƙasar Katsina: Daga Zaure Zuwa Makarantar Kwana

Duk makarantar da ta tara ɗalibai daga garuruwa masu nisa da harsuna daban-daban ta ɗauki abin da Bahaushe ke kira amana. Uba ya miƙa ɗansa ya koma gida, ci da sha da lafiyar yaron da tarbiyyarsa sun rataya a wuyan wani. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda aka riƙe wannan amana a ƙasar Katsina, domin a nuna cewa dokokin da aka gada kusan dukkansu an yi su ne don tsare ɗalibi daga son zuciyarsa da ruɗin gari. Maharin da zai fito daga daji bai shiga lissafinsu ba.

Tun kafin zuwan Turawa Katsina matattara ce ta masu neman ilmi. Shaihu Magili ya sauka a cikinta a ƙarshen ƙarni na 15, Ɗanmasani da Ɗanmarina sun yi zamani a ƙarni na 17, ga kuma 'Yandoto a kudu maso yamma, wadda malamanta suka yi suna ƙwarai. Katsinawa ma sukan yi baƙunci a wasu ƙasashe. Alal misali, Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi, a Alƙahira ya rasu a 1741, birnin da ɗaliban Barno ke da masaukinsu na musamman a Azhar. Saboda haka baƙon ɗalibi tsohon al'amari ne a wannan ƙasa.

A makarantar zaure ba a liƙa doka a bango. Baƙo yakan sauka a hannun malami ko wani mai masauki, shi ne ubansa a garin, shi ake nema in ya yi laifi, shi ke jinyarsa in ya kwanta. Abinci kuwa daga gidajen unguwa yake fitowa. Ladubban da ake so ya bi suna cikin littattafan da yake karantawa, musamman Ta'alimul Muta'allim na Zarnuji, wanda ya yi magana a kan girmama malami da littafi, da zaɓen aboki, da rage ci da barci, da haƙurin nisa da gida. Wanda ya duba waɗannan ladubba zai ga duk abokan gaban da aka ambata a cikin ɗalibin suke: kasala, da kwaɗayi, da yawan surutu. Tsaron ransa aikin ganuwa ne da Sarkin Ƙofa da dogarai. In wannan ya rushe malami ba shi da ta cewa, kamar yadda aka gani a 'Yandoto lokacin da rundunar Muhammadu Bello ta ci garin a farkon shekarun jihadi, makarantunsa suka watse.

Da Turawa suka zo, matsalar da suka tarar ita ce ta yarda. Ɗan Hausa ya buɗe makarantunsa na Nassarawa a Kano a 1909, iyaye kuwa suna tsoron a juya wa 'ya'yansu addini, ko a mayar da su marasa kunya. Don haka dokar makarantar boko a Arewa, tun daga tushenta, alkawari ce ga uba cewa ɗansa zai dawo yana salla yana kuma durƙusa wa manya.

Babu inda wannan ya fito fili kamar Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921 don horar da malamai, Gwamna Kilifod ya buɗe ta a watan Maris na 1922, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. A jawabinsa ya kawo dalilai biyu na zaɓen garin: darajarsa ta ilmi a idon Musulmi, da kuma nisansa daga hanyar jirgin ƙasa da hayaniyar kasuwanci. Dalili na biyun ya cancanci a tsaya a kansa. Jirgi ya iso Kano a 1911, tare da shi kuma sababbin unguwanni na baƙi, da jaridun Ikko, da ra'ayoyin da Turawan mulki ba sa so matasan Arewa su ji. Wato a ganin Kilifod nisa shi ne katanga. Haɗarin yana cikin gari, lafiya kuwa tana inda babu kowa. Mai karatu zai lura da cewa wannan kariya ta yi wa mulkin mallaka amfani daidai da yadda ta yi wa iyaye, watakila ma fiye.

Ɗaliban sun fito daga lardunan Sakkwato da Barno da Bauci da Adamawa da Ilori da sauransu, Hausawa da Fulani da Barebari da Nufawa da Yarbawa. Kashim Ibrahim ya zo daga Barno, Ahmadu Bello ya shiga a 1926, Abubakar Imam a 1927, Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1928. Ɗakunansu na ƙasa ne, suturarsu riga da hula, ana karantar da su Larabci da addini, Malam Bello Kagara na cikin malamansu. A kan wannan aka ɗora abin da zaure bai sani ba: ƙararrawa, da duba tsabta, da wasanni na dole irin su kurket da fayis, da danƙa wa manyan ɗalibai ikon hukunta ƙanana bisa tsarin makarantun kwana na Ingila. Wannan na ƙarshen ya koya wa wasu shugabanci, ya kuma buɗe ƙofar cin zali wadda makarantun baya suka sha fama da ita.

Kwalejin kanta ba ta daɗe a keɓe ba. An mayar da ita Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, ta karɓi sunan Barewa a 1971. Amma tsarinta ya riga ya zama abin koyi. Bayan samun mulkin kai gwamnatoci sun yi ta gina makarantun kwana a bayan gari, inda fili yake da yalwa, yadda matafiyi daga mararrabar Dayi zuwa Malumfashi ko Funtuwa ko Ƙanƙara zai riƙa hango irinsu a gefen hanya, gonaki na kewaye da su. Dokokinsu sanannu ne ga duk wanda ya yi kwana a ɗaya: ba shiga gari sai da takardar izini, ba shan taba, a kashe fitila in an kaɗa ƙararrawa, iyaye su zo ranar ziyara. Maigadi da sandarsa da tocilarsa, babban aikinsa shi ne kama yaron da ya sulale zuwa kallo ko sayen tsire.

A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, suka kora ɗalibai fiye da 300 cikin daji a ƙafa. An sako 344 ranar 17 ga watan. Ba wannan ne farau ba, domin an yi na Cibok a 2014, kuma ba a rufa wata uku ba aka kwashe 'yan mata 279 a Jangebe ta Jihar Zamfara. Yaran da aka ɗauka a Ƙanƙara suna inda doka ta ce su kasance, a ɗakunan kwanansu, bayan gari. Keɓewar da aka yaba a 1922 ita ce ta ba maharan sarari.

Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Kare Makarantu da aka ƙulla a birnin Oslo a 2015, ta kuma karɓi baƙuncin taron ƙasashe a kanta a Abuja a 2021. Sai dai matakin da iyaye suka gani da idonsu shi ne rufe makarantun kwana da gwamnatin Aminu Bello Masari ta yi nan take, da umurnin da ya biyo baya a 2021 cewa ɗaliban da ba a buɗe tasu ba su koma makarantun jeka-ka-dawo mafi kusa da gidajensu. Da wannan amanar ta koma hannun uba. Makarantar jeka-ka-dawo kuwa 'yan gari ɗaya take tarawa, ba ta iya zaunar da ɗan Barno da ɗan Ilori a ɗaki guda, kuma ɗiyar manomin auduga da ke ƙauyen da babu sakandare ba ta da wadda za ta je ta dawo.