Baƙin Ƙyalle a Laramie: 'Yan Wasa 14 da Al'ummar da Ba Ta Manta da Korarta Ba

Gabatarwa

A safiyar Juma'a, 17 ga Oktoba, 1969, wasu ɗalibai baƙar fata su 14 suka nufi ofishin kocinsu, Lloyd Eaton, a Jami'ar Wyoming da ke garin Laramie a yammacin Amurka. Dukkansu 'yan ƙungiyar ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka ne, kuma kowannensu ya ɗaura baƙin ƙyalle a dantse. Sun je ne neman izinin sanya wannan ƙyalle a wasan da za su buga washegari da Jami'ar Brigham Young, wadda aka fi sani da BYU, mallakar cocin Mormon. Kafin rana ta take, an kore su duka daga ƙungiyar.

Wannan maƙala za ta bi diddigin abin da ya faru, amma abin da ya fi damun ta shi ne yadda mabiya ɗariƙar Mormon suka fassara shi. Yawancinsu sun ɗauki zanga-zangar a matsayin ci gaban tsangwamar da aka yi wa kakanninsu, kuma wannan fassara ta hana su jin koken waɗanda ke tsaye a gabansu.

Tushen Taƙaddamar

Joseph Smith ne ya kafa cocin Mormon a jihar New York a 1830. Tsarinsa ya bambanta da na yawancin coci-coci, domin limanci a cikinsa ba aikin wasu keɓaɓɓun malamai ba ne. A wancan zamani duk namijin da ya kai shekara 12 kuma aka yarda da halinsa ana naɗa shi a matakin farko na limanci, ya riƙa hawa har ya girma. Da wannan matsayi uba ke yi wa ɗansa baftisma, ya sa wa marar lafiya albarka, ya riƙe muƙami a coci.

A zamanin Smith an naɗa baƙar fata ƙalilan, ciki har da Elijah Abel a 1836. Amma a 1852 magajinsa, Brigham Young, ya bayyana a fili cewa ba za a ƙara naɗa mutumin da ke da jinin Afirka ba. Haka kuma aka hana baƙaƙe, maza da mata, shiga manyan ibadun haikali, ciki har da ɗaurin auren da Mormon suka yi imani yana ɗorewa har lahira. Baƙar fata na iya shiga cocin, ya ba da zakkarsa, ya zauna a sahu, amma yaro farar fata ɗan shekara 12 ya fi shi matsayi. Wannan doka ta yi shekara 126 tana aiki.

Lokacin da gwagwarmayar neman 'yancin baƙaƙe ta yi ƙarfi a shekarun 1960, filin wasa ya zama ɗaya daga cikin fagagenta. A gasar Olamfik ta 1968 a birnin Meziko, Tommie Smith da John Carlos sun ɗaga dunƙulallen hannu a kan dandamalin karɓar lambar yabo. A watan Afrilun shekarar, 'yan tseren Jami'ar Texas da ke El Paso baƙar fata sun ƙi zuwa gasa a BYU, aka janye musu tallafin karatu. Cikinsu akwai Bob Beamon, wanda bayan watanni shida ya kafa tarihin dogon tsalle a Meziko. A watan Nuwamba kuma baƙaƙen 'yan wasan San Jose State suka ƙaurace wa wasansu da BYU. Ke nan ɗaliban Laramie sun tarar da wuta tana ci.

Abin da Ya Faru a Laramie

Jihar Wyoming ba ta da mutane da yawa, kusan 330,000 ne a lokacin, kuma ƙungiyar jami'ar ita ce abin alfaharinsu. Ta lashe gasar yankinta sau uku a jere, daga 1966 zuwa 1968. A kakar 1969 ta ci wasanninta huɗu na farko, har ta kai matsayi na 12 a duk ƙasar. Eaton mutum ne mai tsauri, kuma yana da doka cewa ɗan wasansa ba ya shiga kowace irin zanga-zanga.

Ƙungiyar ɗalibai baƙaƙe ta jami'ar, ƙarƙashin jagorancin Willie Black, ɗalibin digiri na uku a fannin lissafi, ita ta yi kiran a nuna rashin amincewa da dokar cocin a ranar wasan. 'Yan wasan suna da nasu ƙorafin na daban: sun ce a wasan shekarar da ta gabata a Provo, gidan BYU, an zage su da kalaman wariyar launi, an kuma yi musu mugun wasa alƙalai suna kallo. A cewarsu, Eaton bai ba su damar buɗe baki ba. Ya kai su kan benci a zauren wasanni, ya sanar da su korar, ya kuma bi su da maganganun ƙasƙanci game da talaucin iyayensu.

A daren ranar gwamnan jihar, Stanley Hathaway, da hukumar gudanarwar jami'ar suka yi zama har tsakar dare, suka tabbatar da hukuncin kocin. Washegari Wyoming ta doke BYU da ci 40 da 7, 'yan kallo suna jinjina wa Eaton, korarrun kuma suna zaune a cikin taron. Nasarar ba ta ɗore ba. Ƙungiyar ta ci wasa ɗaya bayan wannan, sannan ta sha kashi a huɗun ƙarshe. A 1970 wasa ɗaya tak ta ci cikin goma, daga nan Eaton ya bar aikin horarwa.

Ɗaliban sun kai ƙara kotu. Suna da dalilin sa rai, domin a watan Fabrairun 1969 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci, a shari'ar Tinker, cewa 'yan makaranta na da 'yancin ɗaura baƙin ƙyalle don adawa da yaƙin Biyetnam. Amma a 1972 kotun ɗaukaka ƙara ta ba jami'ar gaskiya, bisa hujjar cewa makarantar gwamnati ba za ta bari ƙungiyarta ta zama fagen sukar aƙidar wani addini ba. Kotun ta kalli lamarin a matsayin rikicin addini, alhali su ɗaliban rikicin launin fata suka kawo mata.

Yadda Mormon Suka Ga Lamarin

Ba za a fahimci martanin Mormon ba sai an san abin da suke ɗauke da shi a zuci. A ranar 27 ga Oktoba, 1838, gwamnan Missouri, Lilburn Boggs, ya sa hannu kan umarnin a kori Mormon daga jihar ko a hallaka su. Bayan kwana uku wasu mahara suka kashe mutum 17 a ƙauyen Haun's Mill, ciki har da yara. A ranar 27 ga Yuni, 1844, gungun mutane suka fasa kurkukun Carthage a jihar Illinois, suka harbe Joseph Smith da ɗan'uwansa Hyrum. A tsakiyar hunturun 1846 mabiyansa suka fara ficewa daga birninsu na Nauvoo, suka keta sahara da duwatsu, ayarin farko ya isa kwarin Salt Lake a watan Yulin 1847. A kowace shekara ana tuna wannan hijira a Utah, kuma da labarinta ake renon yara. Umarnin Boggs ma ba a soke shi a hukumance ba sai 1976, wato yana nan a takarda lokacin da ake rikicin Laramie.

Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Bayan korar 'yan wasan 14, zanga-zanga ta riƙa bin ƙungiyoyin BYU kusan duk inda suka je. A watan Nuwamba 1969 shugaban Jami'ar Stanford, Kenneth Pitzer, ya sanar da cewa makarantarsa ba za ta ƙara shirya wasa da BYU ba. A farkon 1970 an yi hatsaniya a wasan ƙwallon kwando a Arizona, sannan a Fort Collins ta jihar Colorado wani ya jefa kwalbar fetur cikin fili lokacin hutun rabin lokaci. Dole a yi adalci a nan: matashin ɗan wasan BYU da bai kafa dokar ba, bai kuma isa ya soke ta ba, yana da dalilin jin tsoro a irin wannan dare.

Sai dai shugabanni da mabiya da yawa sun zarce daga tsoro zuwa wata fassara da ta wanke su gaba ɗaya. Shugaban BYU, Ernest Wilkinson, ya dage cewa jami'arsa ba ta hana baƙar fata shiga, ya kuma sayi shafuka a jaridu don kare ta, duk da cewa baƙaƙen ɗalibanta ƙalilan ne ƙwarai a cikin dubbai, kuma babu ko ɗaya a ƙungiyar zari-ruga sai a 1970. Shi da masu ra'ayinsa sun ɗauki masu zanga-zangar a matsayin 'yan tayar da zaune tsaye da ke neman hana wata al'umma yin addininta. Tun a 1967 wani babban jigon cocin, Ezra Taft Benson, ya yi huɗubar da ta danganta gwagwarmayar 'yancin baƙaƙe da makircin kwaminisanci. A ranar 15 ga Disamba, 1969, shugabancin cocin ya fitar da sanarwa yana goyon bayan cikakken 'yancin baƙaƙe a matsayin 'yan ƙasa, amma ya ce batun limanci na addini ne, Allah ne ya san dalilinsa, kuma wahayi kaɗai zai canza shi.

A nan ne kuskuren yake. A Missouri da Illinois, Mormon su ne marasa ƙarfi: an ƙone gidajensu, an ƙwace gonakinsu, gwamna yana bayan maharan. A Laramie kuwa gwamna da kotu da jami'a da taron 'yan kallo duk sun tsaya ne a gefen da ya yi wa BYU daɗi, waɗanda suka rasa gurbinsu kuma samari ne 14, mafi yawansu 'ya'yan talakawa da ƙwallo ta kawo jami'a. Al'ummar da ta saba ganin kanta a matsayin wadda ake kora ta kasa gane cewa a wannan karon ita ce ta rufe ƙofa. Akwai ma wani sakamako da masu zanga-zangar ba su yi zato ba: matsin lamba daga waje ya ƙarfafa hannun waɗanda ke cewa janye dokar a lokacin zai zama miƙa wuya ga maƙiya. Hugh B. Brown, mataimakin shugaban cocin wanda ya so a soke ta a 1969, bai samu goyon bayan da yake buƙata ba.

Sauyin 1978 da Bayansa

Matsin da ya fi tasiri a ƙarshe ya zo ne daga mutanen da ke son shiga cocin. Tun shekarun 1950 da 1960 wasu a kudu maso gabashin Nijeriya da kuma Gana suka riƙa rubuta wasiƙu zuwa Salt Lake suna neman a turo musu masu wa'azi, har suka kafa majami'u da sunan cocin ba tare da liman ko ɗaya ba. An yi yunƙurin buɗe ofishi a Nijeriya a farkon shekarun 1960, amma gwamnati ta hana biza bayan da labarin dokar launin fata ya fito a jarida. A Brazil kuma ana gina haikali a São Paulo, a ƙasar da jini ya cakuɗu har ba a iya tantance wanda ba shi da kaka ɗan Afirka. A watan Yunin 1978 shugaban cocin, Spencer W. Kimball, ya sanar da cewa an yi masa wahayin buɗe limanci ga duk namijin da ya cancanta. A watan Nuwamban shekarar aka yi wa Anthony Obinna, malamin makaranta daga ƙasar Ibo da ya yi shekaru yana jira, baftisma. A 2013 cocin ya fito fili ya yi watsi da bayanan da aka riƙa kafa hujja da su a da, irin su cewa baƙar fata alamar la'ana ce.

Su kuwa 14 ɗin, uku sun koma ƙungiyar a 1970, wasu sun sauya makaranta, Tony McGee da Joe Williams sun kai ga buga wa manyan ƙungiyoyin ƙwararru. Jami'ar Wyoming ba ta nemi afuwarsu ba sai a 2019, bayan shekara 50, lokacin da wasunsu sun riga sun rasu. A 2020 waɗanda suka rage suka haɗa hannu da cocin Mormon wajen raba abinci ga mabuƙata a garuruwansu, kuma a 2022 BYU ta karrama Mel Hamilton da John Griffin a filinta na Provo.

Kammalawa

Wahalar da Mormon suka sha a ƙarni na 19 gaskiya ce, kuma tunawa da ita haƙƙinsu ne. Abin da tarihin Laramie ya nuna shi ne cewa irin wannan tunawa tana iya zama garkuwar da ke tare har da gaskiya. Duk al'ummar da aka taɓa zalunta tana fuskantar wannan jarrabawa a ranar da wani ya zo yana kuka da ita: ko ta saurari abin da yake faɗa, ko ta ce ai tsoffin maƙiya ne suka dawo. A 1969 yawancin Mormon sun zaɓi na biyu, samari 14 suka biya kuɗin zaɓin da karatunsu da sana'arsu. Cocin ya ɗauki shekara tara kafin ya canza dokar, jami'ar kuma ta ɗauki shekara hamsin kafin ta ce ta yi kuskure.