Masu Adawa da Yaƙi da Zaɓen Amurka na 1968

A farkon 1968, wasu masu adawa da yaƙin Biyetnam suka bar titi, suka koma cika ƙananan zauruka a jihar New Hampshire don sauraron Sanata Eugene McCarthy. Wannan dabara ta yi tasirin da ba kasafai ake yaba mata ba. Ɗalibai suka aske gemu, suka yi shiga tsaf, suna bin gida-gida cikin tsananin sanyi. Ranar 12 ga Maris, McCarthy ya samu kashi 42 cikin ɗari a zaɓen fidda gwani na jam'iyyar Democrat a jihar, kuma kafin watan ya ƙare Shugaba Lyndon Johnson ya janye daga takara.

Masu suka kan ce wahalar banza aka sha, tunda Nixon ne ya ci zaɓen shugaban ƙasa, yaƙin kuma bai ƙare ba sai 1975. Haka ne, amma akwai sauran magana. Hubert Humphrey ne ya samu tikitin jam'iyyar Democrat ba tare da ya shiga zaɓen fidda gwani ko ɗaya ba. Fushin da hakan ya tayar shi ya haifi kwamitin McGovern-Fraser, wanda daga 1972 ya karɓe ikon tsayar da ɗan takara daga hannun jiga-jigai, ya danƙa wa masu ƙuri'a.